Kuɗin Ƙofa Shi Ke Zaɓen 'Yan Kallo

Jama'a, a 'yan shekarun nan Indiyawa mazauna Amurka da Ingila suna ta kukan tsadar tikitin finafinan ƙasarsu. Lokacin da aka saki Baahubali na biyu a 2017, akwai gidajen silima a Amurka da kuɗin shigarsu ya haura dala 25, wato kusan ninkin abin da ake biya a kalli fim ɗin Amurkawa. Mai karatu a Birnin Kebbi ko Argungu yana iya cewa, ina ruwan biri da gada? To, da ruwanmu, domin mu ma 'yan kallon ƙetare ne a wurin Indiya, kuma kuɗin ƙofa ne ke nuna wanda aka shirya wa labari.

Tun daga shekarun 1950 Kwarori suka riƙa shigo da finafinan Indiya Arewa saboda araharsu, ana nuna su a gidajen silima irin su Rex da Palace na Kano, inda ɗan dako ma yakan sami kujerar da ta yi daidai da aljihunsa. Dubi Mother India, wanda Mehboob Khan ya fitar a 1957. Labarin Radha ne, manomiyar da mai ba da bashi da ruwa ya cinye mata gona da amfaninta. Duk manomin shinkafar fadamar Rima da ya taɓa cin bashi kafin kaka ba ya buƙatar tafinta kafin ya gane hawayenta. Talaka aka yi wa fim ɗin, talaka kuma ya iya biyan kuɗin kallonsa.

Daga baya sai masu shirya fim a Bombay suka lura cewa tikiti ɗaya a Landan ya fi tikiti da yawa a ƙauye kawo riba. Daga Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, wanda jarumansa 'ya'yan mazauna Ingila ne, sai manyan finafinai suka karkata ga gidajen attajirai da bukukuwan ƙasaita, manomi da masaƙi suka yi ƙaranci a majigi. Wannan shi ne aibin da muke gani, kuma tsadar tikiti ce uwarsa.

A nan gida, faɗuwar darajar naira bayan shirin SAP na 1986 ta tsauwala kuɗin shigo da fim, bidiyo kuma ya ƙarasa kashe tsofaffin gidajen silima. Yau sababbin gidajen suna cikin manyan kantunan Legas da Abuja, nesa da aljihun masuncin Argungu. Shi kuwa sai ya kai wayarsa wurin masu tura fim, a zuba masa fassarar Hausa da 'yan canji, ba tare da ko kwabo ya isa ga mai fim ɗin ba. Wanda ba ya biya kuwa, ba a tunawa da shi ranar rubuta labari.

Darasin namu ne, mu marubuta. Littattafan soyayya da finafinan Hausa, tun daga Turmin Danya na 1990, sun karɓu ne domin ɗaliba da tela suna iya sayensu ko hayarsu. In muka bi sawun Bombay, muka cika shafukanmu da 'ya'yan masu kuɗi don neman mai babban aljihu, za mu wayi gari Bakabe ba ya ganin kansa a rubutunmu. Ya kamata mu sa farashin da manomi zai iya biya, mu kuma ba shi labarin da zai ga bai yi asarar kuɗinsa ba. Allah Ya sa mu dace, amin.