Jinjina ga Masu Raɗa wa Hanya Lamba

Kafin 1918, direba a Amurka da fenti yake gane hanya. Ƙungiyoyi masu zaman kansu ne ke shafa launinsu a jikin turakun waya, kowacce da sunan da ta raɗa wa titinta. Wani turken sai ka gan shi da launi kala-kala kamar zanen amarya, baƙo ya tsaya a mararraba yana ta raba ido.

Ma'aikatan hanya na jihar Wiskonsin ne suka raba gardama. Majalisar jihar ta yi doka a 1917, shekara na zagayowa suka bi manyan hanyoyinsu suna kafa alama mai kusurwa uku, da lamba a ciki. Aikin ba shi da wani armashi a ido, fenti ne da guduma da shan rana, amma ko wanda karatunsa bai yi nisa ba ya iya bin lamba har ya isa. Mishigan ta bi sahu a 1919. A 1926 aka sa wa manyan hanyoyi lamba a ƙasar baki ɗaya: masu tafiya gabas da yamma cika, na kudu da arewa mara.