Waya tamu, makulli a hannun wani

Kwanakin baya wani ɗan'uwanmu mai sayar da goro ya zo mana bayan sallar Azahar, hankalinsa a tashe. Wayarsa ta riƙa sanƙarewa, mai gyara ya yi mata filashin, da ta tashi sai ta ce ba za ta buɗe ba sai an sa adireshin imel da kalmar sirrin da aka fara yi mata rajista da su. Yaron shagon da ya buɗa masa imel ɗin shekaru uku da suka wuce ya bar garin, kuma bai taɓa gaya masa kalmar ba. Lambobin dillalansa na daji, saƙonnin muryar masu cin bashinsa, hotunan rasit, duk suna can a kulle. Da kuɗinsa ya sayi wayar nan fa, lakadan, ga rasit a hannu.

Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu yi magana. Mu mazauna Sabo mun san bambancin mai gida da ɗan haya fiye da kowa. Kana iya gina rumfarka, ka yi mata rufi, ka shekara ashirin a ciki, amma ƙasar ta wani ce. To haka muke a cikin wayoyinmu. Ƙarfe da gilashi namu ne, abin da ke tafiyar da su kuwa na masu kamfani ne.

Yawancin wayoyin da ke aljihunmu, Tecno ne ko Infinix ko itel ko Samsung, a kan tsarin Android suke tafiya, kuma Google ke riƙe da shi. Ana cewa Android a buɗe yake, kowa na iya ɗauka ya yi aiki da shi. Gaskiya ne, amma rabin magana ke nan. Kantin sauke manhajoji na Play Store, da taswira, da hanyar da sanarwa ke bi ta faɗo maka a fuskar waya, waɗannan a rufe suke, sai da lasisi. Masu ƙera sauran manhajoji kuma a kan waɗannan suka ɗora gininsu. Shi ya sa in wani gwani ya cire maka su, za ka tarar manhajar kiran tasi ba ta gane inda kake, wasu manhajojin banki su ƙi buɗewa don sun ga an taɓa wayar. Ajiyar hirarrakin WhatsApp ma a Google Drive take zama, ta masu iPhone kuma a iCloud. Sai kusan 2021 da 2022 aka samu hanya ta hukuma ta kwashe hirarraki tsakanin iPhone da Android.

Kada wani ya ce ai rashin boko ne ya sa abin ya gagare mu. A watan Mayun 2019 gwamnatin Amurka ta sa wa kamfanin Huawei na ƙasar Sin takunkumi, sabbin wayoyinsa suka rasa manhajojin Google. Mate 30 da ya fito a ƙarshen shekarar haka ya zo babu Play Store. Kamfani ne mai dubban injiniyoyi da kuɗi kamar ƙasa, ya dage a kan nasa kantin mai suna AppGallery, ya ƙera tsarinsa na HarmonyOS, amma a wajen ƙasar Sin masu saye suka ja da baya. In katafaren kamfani irin wannan ya sha wuya, ina ga mai goro?

Hukumomin wasu ƙasashe sun daɗe da ganin haka. A 2018 Tarayyar Turai ta ci Google tarar Yuro biliyan 4.34, cikin dalilan har da sharaɗin da ya gindaya wa masu ƙera waya cewa in suna son Play Store, dole su sa manhajarsa ta bincike da ta shiga intanet tun daga masana'anta. Masu ƙera wayar su ma ba a bar su a baya ba: kowanne ya cusa nasa kanti, da manhajar kiɗa, da ta labarai. Da yawa daga cikinsu ba sa goguwa, iyaka dai ka kashe su, wurin da suka cinye ya ciyu.

A nan sukarmu take. Malamanmu sun karantar da mu cewa ciniki ba ya tsarkaka sai mai saye ya san abin da yake saye. Wane mai shago ne ya taɓa gaya mana cewa wayar nan tana ɗaure da wani asusu? Sharuɗɗan suna nan cikin dogon Turanci, yaro ya danna "na yarda" a madadinmu, mu kuma muna ta duba kyan kyamara. Ba mu ce ayyukan ba su da amfani ba. Makullin da ya hana mai goro shiga wayarsa shi ne ke hana ɓarawo cin moriyar wayar sata. Aibin shi ne an sauƙaƙa shiga, an tsananta fita.

Laifinmu kuma sakaci ne. Tun da ba za mu iya canza mai ƙasa ba, mu riƙe takardunmu. Duk mai waya ya zauna da ɗansa ko wani amintacce yau ɗin nan, ya san imel ɗinsa, ya canza kalmar sirri, ya rubuta ta ya adana a gida, ya haɗa asusun da layin da ke da rajista da sunansa. Mai sayen waya ta hannu kada ya biya sai tsohon mai ita ya cire asusunsa a gabansa. Bashi kuwa a mayar da shi littafi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, kuma littafin da ke cikin akwatinka ba ya tambayar ka kalmar sirri.

Allah ya sa mu gyara, ya mayar wa ɗan'uwanmu abin da ya rasa.