Labari Mai Kyau a Bakin da Bai Iya Hira Ba

Ni da ƙanena musu ɗaya muke yi tun yana sakandare, kuma har yau babu wanda ya sauka daga kan bakansa. Shekara goma sha ɗaya ce tsakaninmu. Ni na san Star Wars a kaset ɗin bidiyo, tsofaffin nan uku na 1977 da 1980 da 1983. Shi kuwa ya san shi a faifan DVD, irin wanda ake cusa fim takwas a ciki hoton yana dishi-dishi, kuma da sababbin ukun ya fara: The Phantom Menace na 1999, Attack of the Clones na 2002, da Revenge of the Sith na 2005. Duk ranar da zancen ya taso sai ya ce, "Yaya, kai fa tsufa ne ke damunka. Waɗannan ukun su ne Star Wars na gaske." Ni kuma in ce masa yarinta ce ta rufe masa ido. Daga baya na gane cewa musun namu na cikin gida shi ne musun da miliyoyin masoya fim ɗin ke yi a duniya fiye da shekara ashirin.

Ga wanda bai bi labarin ba: a tsofaffin ukun an nuna mana Darth Vader, mugun nan mai baƙin kwalkwali da numfashi kamar zugazugin maƙera, sannan aka gano shi ne mahaifin jarumin fim ɗin, Luke Skywalker. Bayan shekara goma sha shida George Lucas ya koma baya don ya ba da asalin labarin, yadda wani yaro bawa mai suna Anakin ya rikiɗe ya zama wannan dodo, da yadda Jamhuriyar taurari ta rushe Daula ta maye gurbinta. Ɗokin da aka yi bai misaltuwa. A ƙarshen 1998 akwai waɗanda suka sayi tikitin wani fim daban a Amurka don kawai su ga tallan sabon Star Wars, tallan na ƙarewa suka tashi suka fice.

Da fim ɗin ya fito a watan Mayun 1999 ya yi kuɗi, sama da dala miliyan 900, amma manyan masoya sun fito daga silima jiki a sanyaye. Sun zo ganin yaƙin taurari, fim ya buɗe da rigimar harajin hanyoyin fatauci. Sun saba jin cewa Force, ƙarfin ɓoyen nan da jaruman Jedi ke aiki da shi, abu ne na baɗini, sai ga malami ya ɗebi jinin yaro yana ƙirga wasu ƙwayoyin halitta a ciki kamar mai gwajin zazzaɓin cizon sauro. Ga kuma Jar Jar Binks, wani dogon wawa mai kunnuwa har kafaɗa, wanda wasu suka ce kwaikwayon wulaƙanci ne ga baƙar fatar yankin Karebiya, zargin da Lucas ya musanta. Shekaru aka yi ana zagi. Har fim na musamman aka yi a 2010, The People vs. George Lucas, kan yadda masoyansa suka juya masa baya.

Yanzu iska ta juya. Yaran da suka kalli finafinan suna 'yan shekara takwas sun girma, su ne ke da baki a intanet, kuma sun wanke ukun nan tas. An sake haska Revenge of the Sith a gidajen silima a Afrilun 2025, fim mai shekara ashirin, ya tara sama da dala miliyan 20 cikin ƙarshen mako ɗaya a Amurka kaɗai. Hayden Christensen, wanda ya fito a Anakin kuma sau biyu ana ba shi kyautar izgili ta Razzie saboda wannan rawar, ya dawo a shirin Obi-Wan Kenobi na 2022 ana yi masa tarbar gwarzo. Abin da ke tashe yanzu shi ne a ce finafinan nan dama can gwanaye ne, mutane ne ba su gane ba.

To a nan nake rabuwa da ƙanena, kuma a nan nake rabuwa da tsofaffin abokan musuna. Ra'ayina shi ne labarin da ke cikin ukun nan ya fi duk wani labari da Star Wars ya taɓa bayarwa nauyi, amma wanda ya ba da shi bai iya hira ba.

Bari in fara da abin da na daɗe ina ƙin yarda da shi. Rigimar harajin nan da muka yi ta yi wa dariya ita ce ƙashin bayan komai. Palpatine ɗan majalisa ne mai sanyin murya daga duniyar Naboo. A ɓoye shi ya zuga 'yan kasuwa suka yi wa ƙasarsa ƙawanya, a fili kuma ya yi amfani da tausayin da aka ji wa ƙasar tasa ya kayar da shugaban gwamnati ya hau kujerar. Daga nan ya kunna yaƙin basasa, yana riƙe da linzamin ɓangarorin biyu. Bai taɓa kai tankar yaƙi ƙofar majalisa ba. Majalisar ce da kanta, cikin tsoro, ta miƙa masa ikon dokar ta-ɓaci, kuma wanda ya gabatar da ƙudurin shi ne Jar Jar, wawan nan da kowa ya raina, mai kyakkyawar niyya da ƙaramin kai. Na daɗe ban ga zaɓin da ya kai wannan ɗaci ba a fim ɗin da aka ce na yara ne. Ranar da Palpatine ya ayyana Daula kuwa tafi aka yi ta yi masa a zauren. Lucas ya sha faɗin cewa tarihin Rum da Faransa da Jamus ya duba, yadda jama'a suka miƙa wuya ga Kaisar da Nafoliyon da Hitila. Mu da muka taɓa ganin an fito titi ana murna da safiyar juyin mulki ba ma bukatar a fassara mana wannan zauren.

Sannan su kansu Jedi. A tsofaffin finafinan an sa mun ɗauke su waliyyai. Sababbin sun nuna mana su a matsayin manyan malamai da suka daɗe a fada har hancinsu ya daina jin wari. Abokin gabarsu yana zaune gabansu kullum suna gaisawa, ba su gane shi ba. An kawo musu runduna ta sojojin da aka ƙera daga jinin mutum ɗaya, ba su san takamaiman wanda ya biya kuɗin aikin ba, suka karɓa suka zama janar-janar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne maganar uwar Anakin. Yaro ɗan shekara tara, an fanshe shi daga bauta ta hanyar caca a kan tsere, an bar uwarsa Shmi a hannun ubangidanta. An kai shi gaban majalisar malamai, yana rawar sanyi, suka dube shi suka ce ya yi girma da fara karatu, kuma suna ganin tsoro a zuciyarsa saboda yana tunanin uwarsa. To me ake so yaro ya yi tunani? Shekara goma suka wuce, ƙungiyar da ke da jirage da takubban haske ba ta tura ko mutum ɗaya ya dubo matar nan ba. Da ya koma da kansa, a hannunsa ta cika. Duk wanda aka taɓa kai shi karatu nesa da gida yana ƙarami, aka ce masa namiji ba ya kuka, ya san abin da ke cin yaron nan. Saboda haka lokacin da Palpatine ya zaunar da shi a gidan wasan nan a fim na uku, ya sallami fadawansa, ya rage murya yana ba shi labarin wani tsohon matsafi da ya iya hana mutuwa ɗaukar waɗanda yake so, ba sihiri ya yi masa ba. Shi kaɗai ne babban da ya saurari tsoron yaron bai yi masa wa'azi ba. Ian McDiarmid, wanda ya fito a Palpatine, ya taka wannan wurin kamar maciji mai shan hantsi, ba gaggawa, kuma a ganina babu wata fitowa a ukun da ta kai ta.

Duk wannan na ba ƙanena. Amma sai a zo ga yadda aka ba da labarin, a nan ne nake riƙe kai.

Mutane a finafinan nan ba sa magana kamar mutane. Suna shigowa ɗaki, su zauna a kujera ko su tsaya bakin taga, su karanta wa juna abin da ke ransu kamar masu karanta sanarwa. Soyayyar Anakin da budurwarsa Padmé, wadda a kanta aka ɗora rushewar duniya gaba ɗaya, ba ta da gishiri ko kaɗan. Saurayi ya samu budurwa a bakin tafki, wuri mai kyau, abin da ya ga ya dace ya faɗa mata shi ne yadda ya tsani rairayi saboda yana shiga ko'ina. Mu da muke share shi daga tsakar gida kullum mun san gaskiya ya faɗa, amma ko a dandali aka yi wannan zance yarinya za ta tashi. Natalie Portman da Ewan McGregor da Samuel L. Jackson ba ƙananan 'yan wasa ba ne, duk da haka sau da yawa sai ka gan su tsaye ƙiƙam, saboda a gaban shuɗin ƙyalle aka ɗauke su, ana ce musu su kalli abin da sai daga baya kwamfuta za ta zana. Abin mamaki, wuraren da suka fi rai su ne waɗanda aka je Tunisiya aka ɗauka a cikin rairayin gaske, wanda Anakin ya ce ya tsana.

Wannan rauni ba sabo ba ne a wurin Lucas. Tun a fim ɗin 1977 ɗan wasa Harrison Ford ya yi masa ƙorafin cewa irin maganganun da yake rubutawa ana iya buga su a takarda amma ba sa faɗuwa a baki. Bambancin shi ne a wancan lokacin akwai masu gyara masa. Matarsa ta lokacin, Marcia Lucas, tana cikin mutum ukun da suka ci kyautar Oscar ta tace hoton fim ɗin 1977. The Empire Strikes Back na 1980, wanda yawancin masoya ke sa wa a gaba, Irvin Kershner ne ya ba da umarninsa, Lawrence Kasdan na cikin marubutansa. Zuwa 1999 Lucas ya yi shekara ashirin da biyu bai ba da umarnin fim ba, kuɗinsa ne, kamfaninsa ne, kowa a wurin albashinsa yake ci. Wa zai ce masa ranka ya daɗe, wannan layin a sake shi? An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. A nan ma ba mugunta ba ce, shiru ne.

Shi ya sa wankin da ake yi wa finafinan yanzu bai gamsar da ni ba. Rabinsa ƙuruciya ce ake tunawa. Sauran rabin kuma haushin Disney ne, wanda ya sayi Lucasfilm a 2012 kan dala biliyan huɗu da 'yan kai, ya fitar da wasu ukun tsakanin 2015 da 2019. Na farkonsu ya bi sawun fim ɗin 1977 kusan taku da taku, na biyu ya rushe abin da na farko ya gina, na uku ya tono Palpatine daga kabari ba tare da gamsasshen bayani ba. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Da mutane suka ga fim mai santsi wanda bai san inda ya dosa ba, sai suka fara kewar mai gargada wanda ya san inda za shi. Ni ma ina wannan kewar. Na fi son aikin da zan ga zanen yatsan mutum ɗaya a jikinsa, ko da yatsan ya karkace. Sai dai raunin na baya ba ya gyara layin rairayi. Kuma da yawa daga cikin zurfin da masu karewa ke yabo, kamar abotar Anakin da malaminsa Obi-Wan da halin sojojin nan masu kama ɗaya, a shirin zane na The Clone Wars aka gina shi, wanda ya fara a 2008 ya ƙare a 2020. Idan sai an kalli shiri mai zango bakwai kafin fim ya zauna, to fim ɗin bai gama aikinsa ba.

Akwai abu ɗaya da nake jin kunyarsa a madadin 'yan zamanina. Ahmed Best, baƙar fatar Amurka da ya taka Jar Jar yana matashi, ya bayyana a 2018 cewa zagin da aka yi masa ya kai shi gaf da kashe kansa. Jake Lloyd, yaron da ya fito a ƙaramin Anakin, ya ce tsangwamar da ya sha a makaranta ta sa ya bar harkar fim. Ba su suka rubuta layukan ba. Da aka dawo da Best a The Mandalorian a 2023, wannan karon a matsayin jarumin Jedi mai ceton yaro, na ji daɗi, amma wanda ya yi jifa bai isa ya yi ta yabon kansa don ya kawo bandeji bayan shekara ashirin ba.

A hutun Sallar da ta wuce ƙanena ya zo gida, muka ce mu sake kallon ukun a jere, a ga wanda zai sauka. Muka tayar da janareta bayan isha'i. Da aka zo faɗan mugun nan Darth Maul a fim na farko da kiɗan John Williams na ji tsigar jikina ta tashi, ya lura, ya yi murmushin mugunta bai ce komai ba. Dare na biyu muka sa Attack of the Clones. Ana isa bakin tafkin nan, Anakin ya jingina da dakali yana shirin buɗe baki, sai na ga hannun ƙanena ya lallaɓa ya ɗauki rimot.

Na ce, "Malam, ina za ka?"

Ya ce, "Yaya, mai yake ci. Wannan wurin ba sai mun kalla ba."