Jinjina ga Masu Taswirar HarassMap

A Alƙahira, macen da aka ci zarafinta a titi ko cikin motar haya takan haɗiye abin, don gudun a ce ita ta jawo. A 2010 wasu mata huɗu, ciki har da Rebecca Chiao da Engy Ghozlan, suka kafa HarassMap domin a daina shirun.

A lokacin, mace takan aika saƙon tes ba suna, ta faɗi abin da ya faru da wurin. 'Yan sa-kai su duba, su ɗora jan ɗigo a taswirar da aka gina da manhajar Ushahidi ta Kenya. Ita kuma a aiko mata da bayanin inda za ta samu lauya kyauta da masu kwantar mata da hankali.

'Yan sa-kan ba su tsaya ga kwamfuta ba. Sukan shiga unguwanni, su nuna wa masu shago da masu gadin gidaje ɗigon da ke ƙofarsu, su roƙe su su riƙa tsawatarwa. Gani ya kori ji. A 2014 Masar ta mai da wannan cin zarafi laifi a dokance.