Allon Zayyana Tsakanin Tawada da Berni

Duk wanda ya halarci saukar karatu a Magariya ko Dungas ya san sa'ar da ake fito da allon zayyana: jama'a su yi tsit, yaro ya rungumi allon, ya karanta Fatiha da farkon Baƙara a gaban malaminsa. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne halin da allon yake shiga bayan an watse. A ɗakinmu akwai alluna biyu. Na mahaifina ya haura shekara 50, layukansa na nan daram kamar jiya aka ja su. Na ɗan ƙanena kuwa bai cika shekara 4 ba, amma jan ya malala cikin kore, baƙin ya koma ruwan kunkumadi. Hannun da ya zana na biyun bai gaza na farkon gwaninta ba. Tawada ce ta ci amanarsa.

Tawadar makarantar allo, kowa ya sani, don a wanke ta aka yi ta. Gawayi ne ko kunkunniyar tukunya, a haɗa da ƙaro da ruwa. Yaro ya rubuta, ya haddace, ya wanke, gobe ya sake. Zayyana ce kaɗai rubutun allo da aka yi don ya zauna, shi ya sa magabata ba su yi sakaci da kayanta ba. Baƙinsu na gawayi rana ba ta cinsa, jansu na ƙasa ne, haka nan masu rubutun littattafai suna dafa bagaruwa da ƙarfe su sami tawada mai kama takarda. Michaelle Biddle ta bi diddigin irin waɗannan haɗe-haɗe a rubuce-rubucen arewacin Nijeriya cikin wani nazari na 2011, kafin ita kuma Salah Hassan ya tanka batun allo da zayyana a littafinsa na 1992. Abin kunya ne a ce baƙo ya fi mu tambayar abin da ke cikin kurtunmu.

Yau mai zayyana yakan sayi marka a kasuwa, irin wanda ake rubuta suna a kan buhu da shi, ya ja layi cikin hanzari, sannan ya ari berni wajen kafinta ya shafe allon don ya yi sheƙi. Ba na cikin masu kukan cewa duk abin da ya fito daga kanti ɓarna ne. Galura ma baƙuwa ce, ta kuma daɗe a hannun marina da dukawa. Laifin da nake gani shi ne haɗa abu biyu da ba a san halinsu ba. Launin yawancin waɗannan marka rini ne da aka narkar cikin alkwal. Berni kuma, musamman wanda aka tsinka da tina, yana ɗauke da abin da ke sake narkar da wannan rini. Da buroshi ya bi ta kai, sai layi ya jiƙe ya bazu. Wanda ya tsira daga buroshi, hasken rana na jiransa, don rini ba ya jure haske kamar garin launi.

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai, kuma darasin ya zo daga inda ba a zata ba. A gaɓar tekun Kalifoniya da Hawai da Ostareliya akwai masu yin zane da hannu a kan allon da ake hawa igiyar ruwa da shi. Su ma allo ne, su ma bayan zane suna rufe shi da wani ruwan roba mai ƙarfi da ake kira rezin. Rezin ɗin foliyesta yana da sinadarin sitirin, mai narkar da tawadar marka ta gama-gari. Saboda haka suka karkata ga fentin akirilik na ruwa, irin na alƙaluman Posca, wanda launinsa gari ne, kuma in ya bushe ya zama fata. Ba sa zuba rezin sai zanen ya bushe sarai, ba sa kuma taɓa babban aiki sai sun gwada a guntu.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki: bisa wannan ma'auni, tawadarmu ta gado ta fi marka dacewa da berni. Ƙaro ruwa ne ke narkar da shi, alkwal da mai ba sa yi masa kome. Ke nan zayyanar gawayi da ƙaro za ta zauna lafiya ƙarƙashin bernin mai, bernin ruwa ne zai goge ta. Ta marka kuwa akasin haka. Gwajin ba ya cin ko dala: a ja layi biyu a guntun katako, a ɗiga wa ɗaya ruwa, ɗaya tina, a ga wanda ya motsa, a rufe rabi da takarda, a bar shi a rana mako biyu. Malamin kwaleji zai iya yin wannan da ɗalibansa, ƙungiyoyin raya al'adu kuma su gayyato masu zayyana su gani da idonsu.

Saura tambayar ko allon na bukatar berni tun farko. A ganina ba ya bukata. Kyan zayyana yana cikin sirantar layi da natsuwar launi a kan katakon aduwa. Sheƙi yana maida ita kamar allon tallan shago, kuma da shekaru bernin mai yakan yi ɗorawa ya dusashe farin da ke raba gida da gida a zanen. Na mahaifina ba a taɓa shafa masa kome ba. Cikin tsumma mai tsabta yake, a rataye a bangon da rana ba ta kaiwa.