Sarkin Kirsimeti na Oksfod: Sharhi a kan Wasannin Ɗalibai a Hunturun 1607 zuwa 1608

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a duba wani kundi na Ingila da ake kira The Christmas Prince, watau Sarkin Kirsimeti. Kundin yana ɗauke da wasannin kwaikwayo guda 8 waɗanda ɗaliban Kwalejin St John's ta Jami'ar Oksfod suka shirya a cikin hunturu ɗaya, tare da labarin yadda aka gabatar da kowannensu. An fara buga wani sashe nasa a 1816, sa'an nan aka buga shi dukkansa a 1922. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, darajar kundin ta fi ƙarfi a wajen labarin gabatarwa bisa ga wasannin kansu.

2.0 Sarautar Wasa

A ƙarshen Oktoba 1607 ɗaliban suka farfaɗo da wata al'ada da aka yi shekara 30 ba a yi ba a kwalejin, suka zaɓi ɗaya daga cikinsu, Thomas Tucker, ya zama sarkinsu na lokacin sanyi. Aka naɗa masa fadawa, aka aza wa mutanen kwaleji haraji don biyan kuɗin shagali. Wanda ya san kalankuwa a ƙasar Hausa, inda samari kan naɗa sarki da masu sarauta bayan an kau da amfanin gona, ba zai ga baƙon abu a nan ba. An naɗa Tucker ran 30 ga Nuwamba da wasan Ara Fortunae, ya sauka ran 9 ga Fabrairu 1608 da wasan Ira Fortunae. A na farko Sa'a ce ta ɗora shi, a na biyu ita ta tuɓe shi. Ke nan jigon da ya ɗaure wasannin shi ne juyawar duniya ga mai mulki. Wannan jigo tsoho ne, kuma ɗaliban ba su ƙara masa wani abin a-zo-a-gani ba.

3.0 Abin da Ya Faru a Dandali

Biyar daga cikin wasannin da Latinanci aka rubuta su, harshen karatu a jami'a a wancan zamani, uku kuma da Ingilishi. Idan aka karanta na Latinancin a takarda, za a ga aikin ɗalibai masu ƙwazo da ke bin sawun magabata. Alal misali Philomela, wanda aka yi ran 29 ga Disamba, daga labaran mawaƙin Rumawa Ovid aka ɗauko shi. Amma mai ba da labari ya gaya mana abin da matanin wasan ba zai faɗa ba, watau kafintoci sun makara wajen haɗa dandali, kuma mura ta kama Tucker, wanda shi ne babban ɗan wasa, har aka ji tsoron muryarsa ba za ta fita ba. Hunturun shekarar ya yi tsanani ƙwarai, har kogin Tems ya daskare a Landan.

Ran 1 ga Janairu aka yi Time's Complaint, watau kukan zamani, da Ingilishi. Wannan wasa bai yi armashi ba. Mai buɗe wasa ya manta da baitocinsa, jama'a kuma suka cika ɗakin har 'yan wasa suka rasa wurin motsi. Mai ba da labari bai rufe wannan abin kunya ba, ya rubuta shi filla-filla.

Wasan da ya fi karɓuwa kuwa shi ne The Seven Days of the Week, inda kowane ɗan wasa ya fito a matsayin rana ɗaya ta mako. An shirya shi ne don waɗanda aka ga ba su isa su fito gaban jama'a ba, aka yi shi a gidan shugaban kwaleji ran 10 ga Janairu. Ya ƙayatar har aka sake yin sa a gaban manyan jami'a. Ashe wanda aka raina shi ya ɗauki tuta.

Na ƙarshe shi ne Periander, wasan ban tausayi da Ingilishi, ran 13 ga Fabrairu. Waɗanda ba su sami shiga ba suka tayar da hargitsi, suka farfasa tagogi da duwatsu. A cikin wasan kuma Tucker ya ji wa abokin wasansa rauni da makami bisa kuskure.

4.0 Hukunci

Idan aka auna waɗannan wasanni da ma'aunin zubi da tsari da salon sarrafa harshe, ba za su kai ko kusa da na Shakespeare ba, wanda a wannan lokaci yake tashe a Landan. Amma wasan kwaikwayo ba a takarda yake ƙarewa ba. Sai an haɗa matani da murya da wuri da 'yan kallo kafin a ce an yi wasa. Matanin Time's Complaint kaɗai ba zai nuna cewa ya faɗi ba, haka kuma mai karanta wasan kwanakin mako zai ɗauka shirme ne kawai. Labarin gabatarwa ne ya ba mu damar yanke hukunci na gaskiya.

5.0 Kammalawa

A nan akwai abin lura ga manazarta adabin Hausa. Mun saba nazarin Wasan Marafa na Abubakar Tunau da Uwar Gulma na Muhammad Sada tamkar ƙagaggun labarai, mu fitar da jigo da salo, mu rufe littafi. Alhali kuwa ɗalibai sun sha gabatar da wasanni a makarantu da kwalejojinmu, kuma yawancinsu sun wuce ba tare da an rubuta wanda ya fito ba, ko inda aka yi dariya, ko inda aka yi tsaki. Ya kamata kowace ƙungiyar Hausa ta ɗalibai ta ajiye littafi, a riƙa rubuta ranar wasa da kuɗin da aka kashe da yadda 'yan kallo suka karɓe shi, har da kurakuran da aka yi. Ɗaliban St John's sun yi haka, shi ya sa bayan shekara fiye da 400 muke iya tattauna hunturunsu.