Laifi Tudu Ne

Sa'ad da nake sakandare a Kazaure, littafin tarihinmu ya cika shafuka da labarin bayin da Turawa suka kwasa zuwa Amurka, amma bai ce uffan game da rinji ko cucanawa ba. Sai a littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa muka ga an sace yaro, an sayar da mahaifiyarsa. Alhali kuwa sai a 1936 doka ta soke bauta a Arewa. Wasu malamai sun ce tono zancen zai ɓata zumunci. To, 'yan'uwa ɗalibai, jikan bawa da jikan ubangijinsa benci ɗaya suke zaune. Wa shirun nan yake karewa?